Hoton Habib a Bakin Kogo

Oradea, Romaniya
Ƙarshen Yuni, 2013

Zuwa ga Ya Bintu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ciwon gwiwa, ya mutanen Dala? Ni lafiyata lau. An gama jarrabawar shekara ta uku ta karatun likita, kuma da alama ban ba ki kunya ba.

Tun da aka yanke layin waya a Barno ban ji muryarki ba, abin yana damuna. Na sami maƙwabcinmu Dzarma direba a waya ranar da ya kai fasinja Kano, muka shirya. Zan riƙa tura wasiƙa ta intanet zuwa wani shagon buga takardu a can, shi kuma ya karɓo miki. Amsarki ma ki ba shi, masu shagon za su turo mini.

Ga labari. Wasu abokan karatuna suna da ƙungiyar masu shiga kogo. Kar ki yi dariya, wasa ne a wurinsu kamar ƙwallo. Da muka sami hutu suka ja ni zuwa duwatsun Apuseni. Dutsen wurin irin wanda ruwa ke ci ne ta ciki. Sai ki ga rafi yana tafiyarsa, ya kai gindin dutse ya shige ƙasa, ba ya sake fitowa sai a wani ƙauye can gaba. A sama ciyawa da shanu, ƙarƙashi kuwa duk rami ne.

Kogon farko na 'yan yawon buɗe ido ne. Ana yankar tikiti a ƙofa, an ja wutar lantarki, an yi daɓe, ga mai rakiya yana bayani. A bakin hanya tsofaffin mata suna sayar da zuma. A ciki ruwa yana ɗiga daga rufi, inda ya ɗiga dutse ya tsiro, fari, tsaye kamar kyandir. An nuna mana ƙasusuwan wata dabba da suke kira urs, ta fi kura girma nesa ba kusa ba. Wai dutse ne ya rufto ya toshe wa dabbobin ƙofa tun zamanin da, suka mutu a ciki. Na biyun kuwa matakalar ƙarfe ake bi a gangara cikin wani ƙaton rami, a ƙasa sai ƙanƙara, ta kai filin makarantar da kika koyar, kuma ba ta narkewa ko da bazara.

Na ukun ba tikiti ba fitila. Shi ne sai da aka ba mu horo da igiya tukuna. Shugabanmu ya shige gaba, muka bi shi da jan ciki, muka yini a ciki. Ga hotona nan da aka ɗauka da muka fito, don ki ga ɗanki ya zama jarumi.

In sha Allahu bayan ƙaramar Sallah zan zo gida hutu. Ki tanadar mini miyar kuka da busasshen kifi, na gaji da dankali.

Ɗanki,
Habib

Dala, Maiduguri
Farkon Azumi

Habib,

Wa alaikumus salam. Wushe, sannu. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, mun gode Allah. Mutanen Dala kuwa, waɗanda suka rage suna gaishe ka, sai dai ba duka ba.

Wasiƙarka ta iso, hotonka bai iso ba. A shingen shigowa gari samarin gora da ke taya sojoji bincike suka zazzage motar Dzarma, suka ci karo da shi. Ɗaya daga cikinsu ɗan unguwarmu ne, ya gane fuskarka. Suka zaunar da bawan Allah a rana har la'asar, mutum mai iyali, don kawai ya yi maka alheri. Yanzu hoton yana hannun Bulama, mai unguwarmu, ni ma a can na fara ganinsa.

Bari in faɗa maka abin da na gani, tunda kai likita ne, idonka ba ya ganin irin wannan. Saurayi shi kaɗai, gemu buzu-buzu, hular ƙarfe da fitila a goshi, kaya duk taɓo, igiya a kafaɗa, ƙarafa suna reto a ƙugu, bayansa baƙin rami. Ina Turawan? Ina matan zuma? Dzarma mutumin kudancin Barno ne, a gindin dutse aka haife shi, ya ce duwatsun hoton ba su da maraba da na bayan ƙauyensu. Kuma kowa a garin nan ya san su wa ke kwana a kogunan can yanzu.

Sannan ka rubuta da hannunka wai an ba ku horo, wai shugabanku ya shige gaba. Na karanta wurin sau uku ina fata idona ne.

Mu a nan ba a shiga kogo sai an koro mutum, ko shi ya koro wani. Ka ce har kuɗi ake biya a shiga. Na koyar da yara shekara da shekaru, na ji ƙarya iri-iri, amma wannan sabuwa ce. Ƙanƙara kuma a ƙarƙashin ƙasa, ba wuta ba janareto. Mu da ke neman ta da azumi ba mu samu, ashe tana rami tana jiran ka.

Ka san yadda ake yi yanzu. Duk gidan da saurayinsa ba ya nan, sai babba a gidan ya je gaban Bulama da dattawa, ya ɗora hannu a Alƙur'ani ya rantse a kan inda yake. In ban rantse maka ba, sunanka ya shiga cikin mutanen daji, ranar da ka sauka a tasha ranar za a ɗauke ka. In na rantse ya zamana ƙarya ce, ni ce zan bar gidan da mijina ya mutu ya bar mini, in ma an bar ni na fita da ƙafata.

Ni ba uwarka ba ce, Habib. Kakarka da mahaifiyata 'yan wa da ƙani ne, iyakar abin da ya haɗa mu ke nan. Amma da iyayenka suka rasu a Dusuman, a gidana ka yi sakandare, ɗaki ɗaya da ɗana Umara, duk Dala ɗan gidana suke ce maka. Kuma ba ka manta ba, na taɓa rantsuwa sau ɗaya. Shekara biyu ke nan Umara ya ce mini ya tafi Legas sayar da takalma. Har labarin gada da teku yake ba ni a waya. Da dattawa suka tambaya, ya ce, “Ya, ki rantse musu kawai, ina Legas.” Na rantse. Wata bai cika ba wani da ya kuɓuto daga duwatsun Gwoza ya ce ya gan shi a can da bindiga. Dattawa suka yi mini uzuri don sun san uwa ce. Ba za su yi sau biyu ba.

Takardar nan taka a Kano aka buga ta, ko daga bayan katangata aka turo ta haka za ta fito. Tun da ka tafi ban da murya a waya ba abin da na riƙe naka. Ina son ambulan ta gidan waya, da kan sarkin ƙasar da ka ce kana ciki, da rubutun hannunka. Kuma ka amsa mini: me ya sa ka tara gemu? Wa ya ɗauki hoton? A cikin ramin ta yaya kuka san lokacin salla? Me kuka ci?

Bintu

Oradea
Tsakiyar Yuli

Ya Bintu,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa. Mu nan rana ba ta faɗuwa da wuri, azumin da tsawo, amma ana yi. Ki ba Dzarma haƙuri, wallahi ban san inda zan sa kaina ba saboda kunyarsa.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ke kika raka ni tasha da jakata, ke kika ɗaure mini yaji da turaren wuta a leda. Yau ni ake tambaya ko ina daji.

Amma ga amsa. Gemu na jarrabawa ne, ban sami sukunin zuwa wurin aski ba, yanzu na aske. Hoton kuwa, wani abokin karatuna ne ya ɗauka, amma laifin nawa ne. Akwai wanda muka ɗauka mu duka, sai dai a cikinmu akwai 'yan mata biyu da wanduna, ɗaya ma ta dafa kafaɗata. Na ji nauyin ki gani, na ce za ki yi mini faɗa, shi ya sa na zaɓi wanda nake ni kaɗai. Kunyarki na ji, Ya Bintu, ita ta jawo duk wannan. Ga shi nan na haɗo da wannan wasiƙa, ki yi faɗan, na fi son shi.

Horon na igiya ne, yadda mutum zai sauka rami bai karye ba. Shugaban kuma malamin makaranta ne mai tumbi, ya haife ni. Abinci, burodi da cuku da shayi a fulas. Salla da agogo na yi ta, don a ciki ba rana ba inuwa, azahar da tsakar dare duk ɗaya ne. Na yi alwala da ruwan da ke ɗiga, har yatsuna suka ƙage.

Akwai wani abu da suke yi wa baƙo. Da muka kai ƙurya, shugaban ya ce kowa ya zauna ya kashe fitila, a yi shiru. Ya Bintu, na sa tafin hannuna a kan hancina ban gan shi ba. Ba irin duhun ɗaki ba ne da ido ke sabawa da shi, wannan ko shekara mutum ya yi ba zai ga komai ba. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa da bugun zuciyarka. Su dariya suke yi da aka kunna fitilu. Ni kuwa Umara ne ya faɗo mini a rai, ban gaya wa kowa ba.

Yau na kai ambulan gidan waya. Akwai tikitin kogunan a ciki, da katin hoton ƙanƙarar da kike ƙaryatawa, da rubutun hannuna mai kama da tafiyar kaza, wanda kika sha dukana a kansa. Sun ce ba su san yaushe za ta kai Maiduguri ba.

Ɗanki, ko kin ƙi ko kin so,
Habib

Dala
Bayan Sallah da kwana kaɗan

Habib,

Barka da Sallah, in inda kake ana yin ta. Muna lafiya. An yi idi cikin bincike, kowa ya koma gida da wuri.

Wasiƙarka ta daɗe a Kano. Dzarma ya ce ba zai ƙara ɗaukar takardar da bai san cikinta ba, sai da matarsa Agnes ta sa baki. Yanzu sai ya karanta tukuna, don haka ka san abin da za ka rubuta. Ambulan kuwa shiru. Na je gidan waya har ma'aikacin ya fara ɓuya in ya hango mayafina.

Na kai wa Bulama hoton 'yan matan naka. Ya juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi. Wani saurayi ya ce a shagunan Kano ana ɗora kan mutum a jikin wani, har a tsayar da shi kusa da Ka'aba bai taɓa zuwa Makka ba. Ban iya musa masa ba, don na ga irinsa a ɗakin amare. Kuma a hoto na biyu kana dariya, a na farko fuskarka a murtuke. Wanne ne kai?

Amsoshinka sun yi kyau. Abin da ke tsorata ni ke nan. Na Umara ma kyau suke yi, har farashin takalma yake faɗa mini.

Matan unguwa sun rage shigowa ɗibar ruwa a rijiyata. Wadda ta shigo ma idonta na kan ƙofar ɗakinku. Bulama ya ce ya yi mini haƙuri saboda azumi, yanzu azumi ya wuce. Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, zan tsaya gaban dattawa, ko in rantse ko in ce ban sani ba. Ina kwana ina tashi da abin, ban san wanda zan faɗa ba.

Kar ka sayi tikitin jirgi. Kar ka zo sai na ce ka zo.

Bintu

Oradea
Agusta

Ya Bintu,

Ina gaishe ki. Malam Dzarma, tunda kai za ka fara karantawa, kai ma ina gaishe ka da Agnes, kuma ina roƙonka ka kai wannan kafin Juma'a.

Na yi ta tunanin wata shaidar da zan turo, na ga duk abin da ya bi ta shagon Kano sunansa ƙarya. Na gaji da kare kaina, kuma na daina jin haushinki. Da ni ne a Dala, da abin da kika gani, ban san me zan yi ba.

Kar ki rantse. Abin da na zauna in rubuta ke nan. Ba ki ga Romaniya da idonki ba, kar ki ɗora hannu a Alƙur'ani a kan abin da zuciyarki ba ta natsu da shi ba, kuma kar ki sa gidanki a caca saboda ni. Ki ce musu ba ki sani ba, gaskiya ce. Ni ina da ɗaki a nan, ina da karatu. In hanyar gida ta rufe mini, zan jira har ta buɗe, ko shekara nawa ne. Ke ba ki da wani gidan.

Abin da zai yi mini ciwo shi ne miyar kuka, da zaman tabarma a tsakar gidanki da yamma kina yi mini faɗa. Ki sha maganin gwiwarki.

Habib

Dala
Watan Zulƙida

Habib, ɗana,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fata kana lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, hannuna ne ya ƙi.

Dzarma ya kawo wasiƙarka ranar Alhamis da yamma, bai ko tsaya sauke kayan fasinja ba. Ya miƙo mini ya ce, “Mama, ni dai na karanta, ban ce komai ba.” Kashegari na yi alwala, na tafi ƙofar gidan Bulama. Dattawa suna kan tabarma, samarin gora suna tsaye, hotonka mai gemu yana ajiye kusa da Alƙur'ani. Bulama ya ce, “Malama Bintu, kin san abin da ya faru wancan karon. Ba wanda zai zarge ki in kin ce ba ki sani ba.”

Na rantse, Habib. Na ce kana Romaniya kana karatun likita.

Kar ka ɗauka na tabbata ne. Hannuna yana kan Littafi, rabin zuciyata yana cewa ga ki nan kuma, tsohuwar banza, za a sake yi miki. Abu ɗaya na riƙe. Da wuta ta zo kusa, Umara cewa ya yi in rantse. Kai cewa ka yi kar in rantse. Ban da wannan ba ni da komai, da shi na tsaya gaban mutane.

Ambulan ɗinka ta iso bayan an gama komai, ta yi laushi kamar an wanke ta. Ga kan sarki, ga tikiti, ga ƙanƙara a rami, Allah mai iko. Rubutunka kuwa har yanzu bai gyaru ba. Na kai wa Bulama, ya duba, ya ce ai magana ta riga ta wuce, ya mayar mini da hotonka. Na so in ƙona shi, na fasa. Matan unguwa sun dawo rijiya, kowace tana cewa ita dama ta san kai yaron kirki ne. Na san hutunka ya ƙare. In wani hutun ya zo ka taho, ka aske gemu, ka bar igiya a can. Ita kuma mai dafa kafaɗa, za mu yi maganarta in ka zo.

Saura tambaya ɗaya, kuma wannan ba ta tuhuma ba ce. Wasiƙarka ta biyu, inda kuka kashe fitila, na karanta ta har takardar ta fara yagewa. Duk wanda na sani da ya san cikin kogo, ko ya mutu ko ba ya magana, sai kai. Ba ni da wanda zan tambaya.

Ka ce ruwa yana ɗiga, to ana iya shan sa? Ka ce ido ba ya sabawa da duhun, to wanda ya daɗe a ciki, in ya fito zai gane fuskar mutanensa? Kai likita ne, kar ka lallashe ni, ka faɗa mini yadda abin yake. Sanyin da ya ƙage maka yatsu, a kowane kogo haka yake, ko na ƙasarku ne kaɗai?

Ina tambaya ne don jiya na buɗe akwatin ɗakinku ina neman wurin ajiye hotonka. Rigar sanyin Umara tana ciki a ninke. Da ya ce mini Legas zai tafi, ni na cire ta daga jakarsa, na ce can zafi ake yi.

Uwarka,
Bintu